Fatar Bushiyar da Kawu Buba Ya Ba Ni

Tun ranar da aka koma makaranta ba a bar ni na huta ba. In shiga ɗakin malamai, Malama Talatu ta tare ni da "'Yan ƙasar waje, ina tsarabarmu?" In koma gida, maƙwabta su leƙo ta katanga, wai da gaske ne a ƙasar Benin mata ke tuƙa babur? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa in ba shi inda zai yi dariya in ɓoye sauran. To ga shi nan gaba ɗaya, har da wurin da babu dariya. Duk wadda ta sake tambayata bayan wannan, sai dai mu ɓata.

Da farko dai ba yawon buɗe ido na je ba, aike na aka yi. Sunana Rakiya, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a nan Kontagora. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar hatsi ne, amma Innarmu Bafulatana ce, a ruga ta tashi, a dajin da ke bayan Kaboji. Ƙane guda gare ta, Kawu Buba. Uwarsu ta rasu yana kan nono, don haka Inna ce ta goya shi, ita ta riƙa ɗura masa madarar saniya da ludayi har ya yi ƙwari. Da gonaki suka cinye makiyaya, burtali ya toshe, kullum rigima da manoma, sai Kawu ya kora shanunsa ya yi yamma, ya tsallake kogin Kwara, ya tsallake iyaka. Ina 'yar firamare a lokacin. Ga ni yau da 'ya'ya a sakandare, bai sake taka Kontagora ba. Waya kuwa sai ranar kasuwa in ya hau tudu, a yi ta "kina ji na, kana ji na" har layin ya yanke.

Bana idon Inna ya tafi kusan duka, ƙafa ma ta ƙi. Wata la'asar ina zaune gefen tabarmarta ina shirya darasi, ashe a fili nake karantawa.

"Ke da wa kike gunaguni?" in ji ta.

Na ce, "Darasi ne, Inna. Zan kwatanta wa yara bushiya da malam-buɗe-littafi."

Ta yi dariya har da tari. "Yanzu wannan ma sai an je makaranta?"

Na yi mata bayani yadda nake yi wa 'yan aji. Bushiya tana cikin dabbobi masu shayarwa, tana da ƙashin baya, haihuwa take yi, tana ba 'ya'yanta nono. Malam-buɗe-littafi kuwa ƙwaro ne, ƙafa shida, ba ƙashi a jikinsa, ƙwai yake ajiyewa a ganye ya yi gaba abinsa, bai san abin da ya fito ba. Sai dai akwai inda suka haɗu. Masana sun yi wa halittu matakai: akwai waɗanda suka ƙare ƙaf, akwai waɗanda ke bakin ƙarewa, akwai kuma waɗanda aka ce babu fargaba a kansu. Bushiyar ƙasarmu da wannan malam-buɗe-littafi mai ruwan ƙasa-ƙasa ja da baƙi a bakin fiffike, su biyun duk a matakin ƙarshe suke, wato ba abin damuwa.

Inna ta juyo da fuskarta inda muryata take. "Babu fargaba? Yaushe rabonki da ganin bushiya?"

Wallahi na kasa tunawa. Ɗalibaina kuwa a zanen allo kawai suka san ta, har wata ta taɓa tambayata ko ƙanwar beguwa ce.

Sai Inna ta shiga ba ni labarin rugarsu, abin da ba ta saba ba. Ta ce da damina in magariba ta kawo kai, bushiyoyi ke fitowa suna kiwon ƙwari a tsakanin kashin shanu, sai ka yi hattara da inda kake taka ƙafa. Da hantsi kuma malam-buɗe-littafi ya lulluɓe tumfafiyar bayan bukka, Buba yana rarrafe yana miƙa hannu, ita tana janye shi kada ya sa ruwan tumfafiya a ido. Can ta ce, "Rakiya, ki je ki kawo min Buba. Ba na son saƙo, ba na son murya a waya. Kansa nake so in shafa kafin in tafi."

Da aka yi dogon hutu, damina ta yi tsaka, na ɗaura zani. Yayana Ɗanjuma, wanda ya gaji Baba a harkar hatsi, shi aka haɗa ni da shi, wai ya san hanya. Daga baya na gane abin da ya sani shi ne sunayen garuruwan.

Mun ɗauki motar Yawuri da sassafe. Aka cusa ni a baya tsakanin wata Bakambara mai fara'a da wani Alhaji da ya cika but ɗin motar da kwalayen maganin feshi, ɗaya har yana yoyo. Warin ya hana ni karyawa. Shi kuwa tun daga tasha yake tallar hajarsa. "Hajiya, in kika fesa wannan, ko kiyashi ba ya saura. Gona sai ta zama kamar an share ta da tsintsiya." Na leƙa taga na ga gaskiyarsa: masara da dawa har bakin kwalta, ƙarƙashinsu fes, ko ciyawa ɗaya babu. Na ce masa, "To Alhaji, in ƙwari suka ƙare, masu cin ƙwarin fa?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malamar makaranta ce ko?" Bakambarar nan ta kwashe da dariya har tana dukan cinyata.

Bayan Yawuri muka gangara bakin ruwa don tsallakawa Rofiya. Jama'a, ban taɓa sanin Kwara tana da faɗi haka da damina ba. Jirgin katako ne mai inji, an loda masa mutane da babura da buhuna da awaki. Yaya Ɗanjuma, wanda tun a mota yake cika baki cewa shi ruwa ba baƙonsa ba ne, da jirgin ya bar gaɓa sai na ji ɗif. Na waiga na gan shi ya runtse ido, ya rungume buhun wani, yana jero duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Ni da nake masa dariya, wajen sauka takalmina ɗaya ya maƙale a laka, ruwa ya tafi da shi ina kallo. A Rofiya babu na mata sai silifas na maza, irin na alwala, manya-manya. Da su na shiga ƙasar waje.

Daga can zuwa Babanna ba zan yi dogon bayani ba, don in na tuna bayana ke ciwo. Kowa ya ja mana kunne cewa hanyar ba ta da lafiya yanzu, da rana kawai ake bin ta, kuma a ayari. Mun hau akori-kura, ta kafe a taɓo, maza suka sauka suka tura, ta fesa wa Yaya laka tun daga hula har ƙafa. Muka ƙarasa a kan babura. A Babanna muka kwana gidan wani abokin cinikinsa, matar gidan ta ba ni ruwan zafi na gasa jiki, Allah ya saka mata.

Iyakar da nake ta zullumi kuwa, ashe gora ce aka gitta a hanya, da rumfa, da mutane masu kaki a kan benci. Namu suka duba katunanmu, suka yi 'yan tambayoyi. Na can suka yi mana Faransanci, da suka ga mun yi zuru sai ɗaya ya juye Hausa, irin mai ɗanɗanon yaren Dendi. Abin da ya dame su ba mu ba ne, hular kwano ce. A can ba a wasa da ita a kan babur. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya miƙo min wata mai warin zufar mutum ɗari, na kifa ta a kan hijabi. Ga silifas na maza, ga hular kwano. Da ɗalibaina sun gan ni, da na gama koyarwa a garin nan.

Mun yada zango a Kalale, gidan wata Hajiya Zaliya mai saukar da fatake. Doguwa ce, baƙa, mai muryar maza, kuma e, maƙwabta, babur gare ta, da kanta take tuƙawa zuwa kasuwa da buhu a baya. Abin da ya fara ba ni mamaki gaisuwarsu ce. Mutum biyu su haɗu a hanya, su duka su tsuguna, su yi ta amsa wa juna da ɗan sauti a maƙogwaro, ba mai gaggawar tashi. Mu da muke jefa "sannu" muna tafiya, sai na ji kunya. Da azahar kuma gari ya mutu, ofis da shago duk a rufe, wai hutun rana. Yaya ya ce da a Kontagora ne, kafin ka farka maƙwabcinka ya kwashe maka masu ciniki.

Abinci kuwa, da safe aka kawo burodi dogo kamar sanda, mai tauri, sai da na jiƙa shi a shayi. Da rana sakwara da miyar gyaɗa, a ciki akwai wasu 'yan gutsattsari masu jan baya da na ɗauka nama ne. Hajiya ta ce wagashi ne, cukun Fulanin ƙasar, da karan dafi ake rina bayansa. Yaya ya ci ya ƙara ya sake ƙarawa, cikinsa ya yi masa bore har washegari. Da na ambaci sunan Kawu da inda ya fito, Hajiya ta tafa hannu. "Buba na Najeriya? Ai wagashin da ɗan'uwanki ya cinye ɗin nan daga rugarsa yake. Matarsa ce ke kawo min." Ta kira ɗan acaɓan da ya san wurin.

Tafiya ce mai ɗan nisa, ta cikin gonakin auduga da na kashu, sannan daji ya fara. Da muka iso, hantsi ya ɗaga, shanu ba su fita ba tukuna. Na hango wani tsoho siriri da malafa yana duba kofaton saniya, ya ba mu baya. Na cire hular kwano na yi sallama.

Ya saki ƙafar saniyar. Bai juyo ba. Ya ce, "Adda?"

Haka yake kiran Inna. Mutane sun sha gaya min muryarmu ɗaya, ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba sai ranar. Da ya juyo ya ga ba ita ba ce, na ga abin da ya faru a fuskarsa, kuma ba na fatan in sake ganin irinsa. Na ce, "Kawu, Rakiya ce." Ya ce, "Rakiya ƙarama?" Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ja malafa ya rufe idonsa. Ni kam ban ɓoye nawa ba, kuka na yi sosai, har Yaya yana ce min in yi haƙuri alhali shi ma hancinsa yake ja.

Matarsa, Goggo Fanta, ta shimfiɗa mana tabarma a bayan bukka inda take aikin wagashi. Nan na ga abin da Inna ta faɗa, da idona. Tumfafiya ce a jere, ba mai sare ta, don da ita ake daskarar da madara: a daddaka ganyen da karan, a tace a cikin madarar da ke kan wuta, sai ta kama. A kan tumfafiyar kuwa malam-buɗe-littafi ne ba iyaka, ja-ja da baƙin baki da ɗigon fari, suna tashi suna sauka. A Kontagora in na ga ɗaya a bayan makaranta har tsayawa nake yi. Na ɗaga wani ganye na nuna wa Goggo tsutsa mai zane-zane, na ce wannan ita ce za ta zama wancan. Ta ce ta sani sarai, ita dai haushinsu take ji, suna cinye mata kayan aiki.

Da magariba ta gabato, shanu sun dawo, ina alwala a gefen garke, sai na ga wani abu yana tafe da sauri-sauri kamar an murza masa zare. Na yi ihu, "Kawu! Bushiya!" Kowa ya fito a guje, an zaci maciji ne. Da suka ga abin da nake nunawa, 'yan rugar suka yi ta dariya, baƙuwa ta zo daga Najeriya kallon bushiya. Kawu ya sa sanda ya taɓa ta, ta dunƙule. Na tsuguna a gabanta har ta gaji ta warware, ta fito da ɗan hancinta mai motsi, ta kama wani buzuzu ta yi gaba. Shekara da shekaru ina zana ta a allo, ashe kunnuwan ma ba daidai nake yi ba.

Muna cin tuwo na ba Kawu labarin darasina. Da na ce a wajen masana bushiya ta fi kusa da saniya a kan malam-buɗe-littafi nesa ba kusa ba, sai ya ajiye lomarsa.

"Wannan 'yar ƙayar? Dangin saniyata?"

"Tana da nono, Kawu. Tana shayarwa."

"To ki tatso mana mu gani," in ji Yaya. Aka yi dariya.

Kawu ya jinjina kai ya ce in dai nono ne ma'auni, ya yarda, don duk mai shayarwa ya san zafin ɗa. Da na gaya masa an ce su biyun babu fargaba a kansu, sai ya nuna gabas da haɓa, wajen gonakin da muka ratso. Ya ce bara audugar ba ta kai nan ba. Manoman suna feshi, iska na kawo warin har cikin bukka. "Haka aka fara a Kaboji," in ji shi.

Washegari da safe na ga wani abu a hancin wasu maruƙa, kamar takunkumi mai ƙaya. Ni 'yar birni, ban san shi ba. Goggo Fanta ta yi min bayani. Fatar bushiya ce ake shanyawa, a yi mata maɗauri. In maraƙi ya isa yaye ya ƙi barin uwar, sai a ɗaura masa a hanci, ƙayar tana waje. Ciyawa zai ci lafiya lau, amma da ya kai baki hantsa sai ƙaya ta soki uwar, ta harbe shi. Yau da gobe sai ya haƙura ya bi garke. Nan take malamar da ke cikina ta motsa, na ce lallai sai na samo ɗaya in kai wa ɗalibaina, ko ba su ga bushiya ba su taɓa ƙayarta.

Amma ba wannan ya kawo ni ba. Na jira har ya sallami shanu, na same shi shi kaɗai a gindin wata ɗorawa, na gaya masa komai: idon, ƙafar, da maganar da ta yi kalma-kalma. Ya daɗe yana tona ƙasa da sanda.

"Kawu, mu tafi tare. Ka gan ta ka dawo, ba wanda zai riƙe ka."

Ya ce damina ce, ba a barin shanu. Ya ce hanyar ba ta da kyau ga Bafulatani, a kowane shinge sai an sauke shi an tambaye shi abin da bai sani ba, akwai waɗanda suka tafi ba su iso ba. Duk gaskiya ne, na gani da idona a hanya. Na ce za mu tsaya masa, ni da Yaya. Raina ya fara ɓaci, na ce, "Matar nan ita ta goya ka fa!" Da na faɗa na yi nadama, don ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Kin zaci na manta? Rakiya, in na je na ga Adda a kwance ba ta ganina, ba zan iya tasowa in dawo ba. In na zauna kuma, me zan zauna in yi? An ce min inda rugarmu take yanzu masara ce. Ko kabarin uwarmu ba a gane wurin." Ya share fuska da gefen rawani. "Bari kaka ta yi. In an yaye maruƙa, in Allah ya so."

Na riƙe wannan "in Allah ya so" da hannu biyu, don ba ni da wani abin da zan kai gida.

Ranar da za mu taso, Goggo ta cika mana jaka da wagashi da man shanu, duk na Inna. Sai na tuna da ɗalibaina, na ce, "Kawu, a ba ni fatar bushiya ɗaya mana." Na nuna wadda ke rataye a turke, sabuwa. Ya tsaya kamar bai ji ba. Can ya shiga bukka, ya daɗe a ciki, ya fito da wata tsohuwa, ta yi baƙi, ƙayar duk ta dakushe, maɗaurinta na jan zare da fata. Na ce a raina, oh, Kawu da rowa, ga sabuwa ya ɗauko min ta zamanin da. Na miƙa hannu, bai ba ni ba. Ya tsuguna ya buɗe jakar Inna da kansa, ya sa ta a saman wagashi, ya ɗaure bakin. Na ɗauka taya ni shiri yake yi. Ya raka mu har inda daji ya ƙare, ya tsaya da sandarsa a kafaɗa. Duk waiwayen da na yi yana nan tsaye.

Kafin iyaka wani ma'aikacin gandun daji ya tsayar da mu, ya buɗe jaka, ya ɗaga fatar da yatsa biyu. Yaya ya fara zufa, ya raɗa min, "Kin ja mana, a Faransanci za a yi mana shari'a." Mutumin ya yi dariya, ashe yana jin Hausa. Ya ce da ɓawon dankunya ya gani, dabbar nan mai jiki kamar sulke, da yau mun kwana a hannunsu, don shi yana bakin ƙarewa. Tsohuwar fatar bushiya kuwa ba wanda zai tsare mu a kanta, suna da yawa.

Na ce, "A garinmu babu."

Ya ɗaga kafaɗa. "Ai ba garinku ake dubawa ba, Hajiya, duniya duka ake dubawa. In dai tana nan a wani wuri, ba a cewa ta ɓata."

Na san haka, ni ma abin da nake koyarwa ke nan. Amma da na ji shi daga bakin wani, a kan hanyar komawa ba tare da Kawu ba, sai maganar ta tsaya min a rai har muka tsallake ruwa.

Mun shigo Kontagora da la'asar. Tun daga zaure na ga an share tsakar gida, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an yanka kaza. Inna na zaune ta sa zaninta na Salla. Ta kasa kunne tana sauraron takun masu shigowa, kuma tun kafin in yi magana na ga kafaɗunta sun sauka.

Na zauna na yi ta zuba. Yana gaishe ki, yana lafiya, shanu sun yi yawa, ya ce da kaka in an yaye maruƙa. Na ba ta labarin tumfafiya da malam-buɗe-littafi, da bushiyar da na yi wa ihu, ta ɗan murmusa. Na tura mata jakar. Ta kwance ta sa hannu, sai ta janye da sauri, ƙaya ta soke ta. Ta sake mayarwa a hankali ta fito da fatar. Yatsunta suka bi ƙayar, suka gangara kan maɗaurin, suka tsaya a kan wani ƙulli.

Na ce, "Au, wannan tawa ce, Inna, ta 'yan makaranta. Ni na roƙa."

"Ke kika sa ta a nan?"

"A'a, shi ya sa."

"Babu sabuwa a rugar?"

Na ce akwai. Sai a nan na fara ganewa.

Ta ce, "Ni na ɗinka wannan. Ƙullina ne. Daren da zai tashi na ba shi, na ce ga ta maruƙanka." Ta juya ta a tafin hannunta. "Buba ya san hannun wa zai fara shiga jakar nan. Ba zai zo ba, Rakiya. Cewa yake in bar shi ya bi garke."

Na ce ba haka ba ne, ya ce da kaka, da kunnena na ji. Yaya ma ya sa baki. Ba ta yi mana musu ba, ba ta kuma yi kuka ba, ni ce na yi. Ta bari har na yi shiru, sannan ta tambaye ni, a littafin nan nawa me aka ce game da bushiya? Na ce an ce babu fargaba, tana nan da yawa a wasu wurare. Ta gyaɗa kai ta ce, "To, Alhamdu lillahi. Yana nan a wani wuri."

Ta ce a raba wagashin a ba maƙwabta, a ci kazar kada ta lalace. Na miƙa hannu zan karɓi fatar in adana, ta dunƙule hannunta a kai, ƙaya da komai.

"Bar min kayana," in ji ta. "Kin ga wannan dabarar, maraƙi kawai aka yi wa. Kwana kaɗan ya manta, ya kama ciyawa. Ita saniyar ba wanda ya taɓa yi mata dabara. Nonon cika yake yi, yana yi mata ciwo."

Ɗalibaina dai har yanzu zanen allo suke gani, sai dai na gyara kunnuwan. Fatar tana ƙarƙashin filon Inna. An fara yankan gero, kaka ta kusa, kuma ko jiya da wani mai sanda ya yi sallama a zaure, kafin in tashi har ta gyara ɗankwalinta.